Matambayi Ba Ya Ɓata: Kile ɗaya, kwamfuta uku, kowace da yarenta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da zafi. Wanga karon saƙonnin da suka taru kusan duk kuka ɗaya ne, wai wannan kwamfuta ta ƙi karɓar abin da waccan ta rubuta, to sai na tsince su na haɗa wuri guda. Masu tambaya a kan batir da panon sola ku ƙara haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Na ɗan gyara wasu saƙonnin inda rubutu ya cakuɗe amma maganar ta masu ita ce.

TAMBAYA: Salam malam ina wuni ƙaƙa aiki. Ni mai ɗaukar bidiyon biki ne a unguwar Zariya, na sayi MacBook na hannu don haɗa bidiyo, ƙanena kuma shina aiki da HP mai Windows. Muna da diski na waje tera 1 da muke zuba aiki ciki, to ni in na sa shi ga Mac ina ganin komi ina buɗewa amma in na ja abu zan sa ciki sai ya ƙiya, shi ko ƙanen nawa lahiya lau yake zubawa. Na biyu ranar nan uwar amarya ta aiko da kile jiga 32 sabuwa fil in sa mata bidiyon kamu mai jiga 6, kwamfuta ta ce wai fayil ya yi girma alhali babu komi cikin kilen. Dan Allah Mac ɗin ce ta lalace ko cuta ta aka yi wajen saye?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, Mac ɗinka ras take, ba wanda ya cuce ka, aƙalla dai ba a wannan ba. Matsalolin naka biyu uwarsu ɗaya.

Ka ɗauki diski kamar sito ne na kaya. Kowane sito akwai littafin da ake rubuta buhu kaza yana lungu kaza, ba tare da littafin nan ba ko kayan na nan ba mai gano su. To wani magatakardan da ajami yake rubutu, wani da boko, wani da Faransanci. Windows nata littafin sunansa NTFS, tun 1993 take amfani da shi, kuma da yawa daga cikin manyan diskin da ake saidawa da shi suke fitowa daga kwali. Mac ta iya karanta NTFS amma ba ta rubutu a ciki, haka Apple suka bar ta, shi ya sa kake gani kake buɗewa amma ba ka iya zubawa. Ita Mac nata littafin daban, a da HFS+, daga 2017 kuma APFS, kuma waɗannan Windows ko karanta su ba ta yi. Linux ma da nata, ext4.

Kilen hajiya kuwa, filash kenan a bakin mutanenmu na Katsina, da FAT32 ta zo. Wannan tsoho ne tun na 1996, kuma kowa na jin yarensa, Windows, Mac, Linux, talabijin, rediyon mota, har injin ɗin buga hoto. Aibinsa ɗaya, fayil guda ba ya wuce jiga 4, ko da kilen jiga 32 ce babu ko ƙwayar gero a ciki. Kamar sito ne mai faɗi amma ƙofar ƙarama, ƙananan buhuna dubu za su shiga, babban ƙunshi ɗaya ba zai wuce ba. Lokacin da aka tsara shi wa ya yi zaton bidiyon kamu kaɗai zai kai jiga 6.

Maganin duka biyun shi ne exFAT. Microsoft ce ta fito da shi a 2006 saboda kile da katin memuwar, babu wancan shingen na jiga 4, Windows na karantawa tana rubutawa, Mac ma haka tun 2010, Linux kuma ta shigar da shi cikin jikinta a 2019 bayan Microsoft ta buɗe bayanansa ga kowa. Katin kyamararka in ya wuce jiga 32 ka duba, da exFAT ya zo dama.

Amma ga inda gizo ke saƙa, kuma dan Allah ka karanta nan sau biyu. Mayar da diski exFAT sai an yi mishi fomate, fomate kuwa share littafin sito ne gaba ɗaya, duk bikin da ke ciki ya tafi. Sai ka fara aro wani diskin, ku kwashe komai ta kwamfutar ƙanenka, ku buɗe bidiyo uku huɗu ku tabbatar suna tafiya har ƙarshe, sannan a yi fomate, sannan a maido. A Windows danna dama a kan diskin ka zaɓi Formater sai exFAT, a Mac kuma ta Utilitaire de disque ne, wajen Effacer. Kar ka yi wannan aikin daren da ake jiran bidiyo da safe.

Akwai manhajojin kuɗi irin na Paragon da Tuxera da ke koya wa Mac rubutu a NTFS, suna aiki, sai dai ni ban cika tura mutum can ba, biyansu sai da katin banki, kuma fasassun da ake sauke wa mutane kyauta ba na amincewa da su a kan aikin da aka riga aka karɓi kuɗinsa.

exFAT ma ba waliyyi ba ne. NTFS da APFS suna da dabarar gyara kansu in wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, shi exFAT ba shi da wannan, in ka fizge igiyar diski ana kwafi yana iya rikicewa. Saboda haka kullum sai ka danna éjecter ka jira ta ce ka cire, ko ana ƙwala maka kira a waje. Ita kuma hajiya ka tambaye ta a ina za ta kalla, in tsohuwar talabijin ce mai ramin kile da yawansu FAT32 kaɗai suka sani, nan gara ka raba bidiyon gida biyu kowane ƙasa da jiga 4, ko ka rage nauyinsa wajen fitarwa, ka bar mata kilenta yadda take.

TAMBAYA: Malam barka da aiki Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ina rubuta memuwar, wato kundin kammala karatu. Wani abokin karatunmu ya sa mini Ubuntu kusa da Windows a kwamfuta ɗaya ya ce ta fi sauri kuma gaskiya ta fi, amma wani lokaci in ina Ubuntu ɓangaren da takarduna suke sai ya ƙi ajiye gyara. Sannan na kai kile siber don a buga mini, shafuna duk suka watse tebur ya hau kan rubutu shafi 62 ya koma 67, da na dawo gida kuma dosiyoyina duk sun zama rakursi mai ƴar kibiya. Sutnans, ranar kare kundin gaban malamai, ya matso wlh kuka kawai ban yi ba.

AMSA: Ƙanwata share hawayenki, aikinki na nan, abu uku ne kuma ba ko ɗaya da ya kai a yi kuka.

Bari in fara da rakursin tunda shi ya fi tada hankali. Wannan birus ɗin duk wanda ya taɓa yawo da kile daga siber zuwa siber ya san shi. Ba ya goge fayil, ɓoye su yake yi ya ajiye hotunansu masu kibiya a wurin, in kin danna sai ya shige kwamfutarki. To ke kin yi sa'a, birus ɗin na Windows ne, a Ubuntu, wadda nau'in Linux ce, gurgu ne ba ya ko motsi. Ki tada kwamfuta a Ubuntu, ki sa kilen, za ki ga dosiyoyinki na ainihi zaune, wani lokaci a cikin wani dosiye marar suna, in ba ki gansu ba ki danna Ctrl da H. Ki kwashe su, ki goge duk abin da ya ƙare da .lnk ko .vbs, ki yi wa kilen fomate. Wanda ba shi da Linux kuma sai ya buɗe cmd, baƙar tagar rubuta umarni, a Windows ya rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in harafin kilen E ne, ɓoyayyun su fito, amma ya fara wanke kwamfutar da antibirus in ba haka ba gobe ma ya dawo. In kin riga kin danna rakursin a Windows ɗinki to ita ma a wanke ta.

Ɓangaren da ke ƙin ajiye gyara kuwa laifin wata dabara ce da Windows ta shigo da ita tun Windows 8 a 2012, ana ce mata démarrage rapide. In kin ce ta mutu ba mutuwa take ba, gyangyaɗi take yi da littafin sito a buɗe a cinyarta don ta tashi da sauri. Ubuntu in ta zo ta tarar da littafin a buɗe sai ta ce a'a ni ba zan sa alƙalami ba kar in ɓata wa mai shi lissafi, kuma gaskiyarta. Ki shiga Panneau de configuration, Options d'alimentation, wajen zaɓen aikin maɓallin kunnawa, ki cire alamar da ke kan démarrage rapide, shi kenan. Kafin nan in kina sauri, ki riƙe Shift lokacin da kike danna Arrêter, sai ta mutu mutuwar gaske.

Watsewar shafi kuma ba aljanu ba ne. Kin rubuta da LibreOffice, sun buɗe da Word, salon haruffan da kika yi amfani da shi babu shi a tasu kwamfutar sai ta musanya da wani mai ɗan faɗi, layi ya tura layi har shafi biyar suka ƙaru. Abin da za a buga kar ki taɓa kai shi a odt ko docx, ki fitar da shi PDF tun daga gida, LibreOffice na da maɓallin a sama, PDF yadda kika rufe shi haka zai buɗe ko a Maradi ko a Yamai. Docx sai in malaminki ne zai yi gyara a ciki. Kuma ki samu ƙaramar kile ta daban wadda aikinta kenan zuwa siber, PDF ɗin kaɗai za ta ɗauka, ta je ta kwaso ƙazantarta ta dawo a wanke ta. Memuwar ɗin kansa kuma yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki aika wa kanki shi ta imel, nauyinsa bai kai hoton biki uku ba.

TAMBAYA: Duk sadda abokin aikina mai Mac ya ari kilena sai in ga wasu fayil masu farawa da ɗigo da layi kamar ._rahoto da wani .DS_Store. Birus ne yake sa mini? Daga wani sakatare a Tasawa.

AMSA: Ba birus ba ne malam, kar ku ɓata da abokin aikinka. Mac ce ke barin ƴan takardun tunawa, yadda aka jera gumaka da alamar launi da makamantansu, a wurinta ɓoye suke, Windows ce ke tona su. Ka goge abinka ba abin da zai samu rahotonka, sai dai ka lura na ainihin shi ne marar ɗigo a gaba, mai nauyi. Tunda muna nan, ka gaya mishi ya daina sa alamar tambaya ko tauraro a sunan fayil, Mac na yarda da su amma Windows ba ta karɓar \ / : * ? " < > | a cikin suna, kwafi sai ya tsaya a tsakiya ba ka san dalili ba.

TAMBAYA: Gaisuwa mai yawa. Yarona ne ke rubuta mini. Ina da shagon kayan masaruhi kusa da babbar kasuwa, akwai tsohuwar kwamfuta mai Windows 7 da muke lissahi da ita, ɗana ya zo da Mac daga karatu, yaron shago kuma wayar Android gare shi. Kullum sai an tura hoton rasit da lissahi ta WhatsApp daga wannan zuwa wancan alhali duk cikin shago ɗaya muke, forfe na ƙarewa kamar ana zuba ruwa a rairayi. Babu wata hanya?

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Akwai hanya, kuma ba ta cin ko dala. Abin da kuke yi yanzu kamar mutum ne zai miƙa wa maƙwabcin rumfarsa goro sai ya ba direban Kano ya kai ya dawo da shi.

Abin da ake buƙata kawai na'urorin su hau wifi guda. Ba sai da intanet ba, nan ne mutane ke ruɗewa, wifi hanya ce tsakanin na'urori, intanet kuma fita waje ce. Ƙaramin akwatin wifi ko da babu forfe a cikinsa ya isa, ko yaron shago ya kunna partage na wayarsa sauran su hau.

Mafi sauƙi wata manhaja ce kyauta mai suna LocalSend. Ana sa ta a Windows da Mac da Linux da Android da iPhone, ba rajista ba talla, kowace na'ura na ganin ƴar'uwarta, ka zaɓi fayil ka danna sunan wanda za ka ba, ya karɓa. Kamar Xender ɗin da yara suka saba da shi, sai dai ita ba ta cika maka fuska da tallace-tallace. Matsalar ita ce sababbin manhajoji irin wannan sun daina kula Windows 7, to tsakanin Mac da waya za ta yi muku aiki, tsohuwar kuma sai hanya ta biyu.

Hanya ta biyu ita ce ta asali, buɗe dosiye ɗaya a kwamfutar lissafi a ce na kowa ne. Ɗanka zai danna dama a kan dosiyen, ya shiga Partage, ya ba da izini, sannan a cmd ya rubuta ipconfig ya kwafi lambar da ta fara da 192.168. A Mac ya buɗe Finder, wurin duba dosiyoyi, ya danna Cmd da K ya rubuta smb:// sai lambar, ya sa suna da kalmar sirrin kwamfutar shago, dosiyen zai bayyana kamar a cikin Mac ɗin yake. Wannan yaren sunansa SMB, kusan shi kaɗai ne duk manyan ukun, Windows da Mac da Linux, suka yarda su yi magana da shi, Linux ma ta iya ta hanyar Samba da wani ɗan Ostireliya Andrew Tridgell ya fara a farkon shekarun 1990. Abu biyu ku kiyaye. Lambar nan takan canza in an kashe akwatin wifi, in kun ga ya daina sai a sake dubawa. Kuma takardar lissafi ɗaya kar mutum biyu su riƙa gyara ta lokaci guda, a bar alƙalami a hannun mutum ɗaya kamar yadda ake yi da littafin bashi.

Sai kuma maganar da ba ka tambaya ba amma ba zan iya shiru ba Alhaji. Windows 7 Microsoft ta daina yi mata gyara tun Janairun 2020, Windows 10 ma an rufe nata a Oktoban 2025. A Mayun 2017 wani birus mai suna WannaCry ya bi ta tsohuwar ƙofar SMB ɗin nan ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 100 har da asibitocin Ingila yana neman kuɗin fansa, kuma yawancin waɗanda ya kama Windows 7 ne da ba a sabunta ba. Ban ce ka jefar da ita ba, da tsohuwar zuma ake magani, amma kar a riƙa hawa intanet da ita, kar a ba baƙi kalmar wifin shago, kuma dosiyen da aka buɗe a sa mishi kalmar sirri.

TAMBAYA: Malam ni mushe ne a wata makaranta wajen Tibiri. Shekara shida ina tara darussa da jarabawa da hotunan iyali a wata tsohuwar Mac da wani ɗan'uwa ya ba ni, kuma ina yin ajiya da Time Machine, manhajar ajiya ta Mac, a diski kamar yadda aka koya mini. Watan jiya Mac ɗin ta mutu mai gyara ya ce ba ta tashi. Na samu Dell mai Windows, da na sa diskin sai ta ce wai sai an yi mishi fomate kafin a yi amfani da shi. Ban danna ba tukuna. In danna?

AMSA: Mushe, kar ka danna. Na sake faɗa, kar ka danna, kuma ka ɓoye diskin inda yara ba za su kai ba. Allah ya yi maka gyaɗar dogo da ka tsaya ka yi tambaya, da yawa sai bayan sun danna suke rubuto mini.

Diskinka lafiyarsa ƙalau. Windows ce ta ga rubutun da ba ta iya karantawa, maimakon ta ce ban iya ba sai ta ce takardar banza ce kawo in goge. Haka take yi wa duk diskin Mac da na Linux. Time Machine tun da ya fito a 2007 da yaren Mac kaɗai yake ajiya, a da HFS+, daga 2020 kuma sabon diski APFS yake mayar da shi.

Hanya mafi tabbas ita ce ka nemo mai Mac, masu haɗa bidiyo da masu ɗab'i a cikin gari ba a rasa su, ka je da diskinka da wani diskin na biyu mai exFAT. A sa naka, a buɗe shi a Finder, za ka ga dosiyoyi masu kwanan wata, ka shiga na ƙarshe, ka bi har Utilisateurs ko Users, sunanka, Documents da Images, a kwashe zuwa na biyun. Ka tsaya a kai da kanka, zuwa da kai ya fi saƙo, kuma in Mac ɗinsa ta tambaya ko a mayar da diskin na ajiyarta a ce a'a. In ka taɓa sa wa ajiyar kalmar sirri to sai ka tuno ta, ba mai gyaran da zai iya fasa ta. Hotuna in a cikin manhajar Photos suke a buɗe su a can a fitar da su a matsayin JPEG, darussan da ka rubuta da Pages kuma a mayar da su Word ko PDF tun kana gaban Mac ɗin, don Dell ba za ta buɗe su ba.

To bari in ɗan tsaya a nan don wannan tambayar ta fi duk sauran nauyi a wurina. Mushe ya yi abin da ya dace, ya yi ajiya, amma ya zuba hatsinsa a rumbun da makullinsa ke hannun mamaci. Ni ra'ayina, kuma na san masu son Apple za su yi mini ca, mutumin da ke zaune inda in kwamfutarsa ta mutu bai san wace iri zai samu gobe ba, yau Mac ta kyauta gobe Dell ta gwanjo jibi ta ofis, bai kamata ajiyarsa ta dogara da Time Machine kaɗai ba, ko Historique des fichiers na Windows kaɗai. Suna da amfani, a bar su suna yi. Amma a samu kwafi ɗaya na fayiloli tsirara, dosiye dosiye, hoto a JPEG, takarda a PDF ko docx, a kan diskin da kowace kwamfuta za ta buɗe ba tare da roƙon kowa ba. Akwai manhaja kyauta FreeFileSync, tana tafiya a Windows da Mac da Linux, ka nuna mata dosiyen hagu da na dama ta kwafe abin da ya ƙaru kaɗai, minti biyar duk Juma'a bayan an sauko masallaci ya isa.

Kuma akwai kuskuren da na fi gani, mutum ya kwashe komai ya zuba a diski ya goge na kwamfuta don ta samu wuri, ya ce ya yi ajiya. Ba ajiya ka yi ba, ƙaura ka yi, har yanzu kwafi ɗaya gare ka, kuma yanzu yana cikin abin da ke yawo a aljihu a kan kabu-kabu cikin rana da ƙura. Kile jaki ce, rumbu daban. Masu ɗaukar hoto na da wata ƙa'ida da suke kira 3-2-1, kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya a wani gida daban. Manomi ya riga su sani, ba ya zuba irin shuka duka a rumbu ɗaya saboda gobara da gara. Na ukun nan ko diski ne da za ka ajiye a gidan yayarka a Madarunfa, ko intanet. Google na ba da jiga 15 kyauta amma da Gmail da hotuna ake rabawa, OneDrive da iCloud jiga 5 kowanne. Bidiyo ba zai shiga ba kuma forfe ba zai ɗauka ba, amma darussan shekara shida da takardun gida da na makaranta za su shige har da saura. Sai dai a kula, waɗanda ke daidaita dosiye kai tsaye madubi ne, in ka goge a nan can ma ya goge, a Google kwana 30 abin ke yi a kwandon shara sannan ya tafi.

Ni ma ba a littafi na koya ba. Shekarun baya na sayi wata kile a bakin titi an rubuta jiga 128 a jikinta, kuɗinta bai kai na jiga 16 ta kirki ba, ina ta murna na yi wayo. Na zuba hotunan sunan ɗiyata na goge na waya. Sunayen fayil duk suna nan reras, amma in ka buɗe babu komai, ashe cikinta bai wuce jiga 8 ba, an yi mata ƙarya ne a littafi, abin da ya wuce nan cikin iska yake zuba. Har yau uwargida in ta tuna sai ta yi mini gori. Tun daga ranar duk kilen da na saya sai na gwada ta da H2testw a Windows, ko F3 ga masu Linux da Mac, suna cika ta taf su karanta su gaya maka gaskiyar cikinta. Amma in ka sayi diski tera 1 Windows ta nuna maka jiga 931 wannan ba cuta ba ce, bambancin mudu ne, masu ƙerawa da dubu suke awo ita kuma da 1024.

Mushe in an kwashe maka, kafin ka sallami mai Mac ka sa sabon diskin a Dell ɗinka nan take ka buɗe darasi biyu da hoto biyu. Tsohon diskin kuma ka bar shi yadda yake wata biyu uku, sai ka tabbata ba abin da aka manta.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Mijina ya aiko mini iPhone daga waje, in na sa hotunan atamfofin da nake saidawa a kwamfutar ƙanwata mai Windows ba sa buɗewa, wai HEIC. In na tura ta WhatsApp kuma suna buɗewa amma zanen ya dushe masu saye na cewa ba shi ba ne. Daga wata ƴar kasuwa a Ali Dan Sofo.

AMSA: Lafiya lau hajiya, Allah ya kawo kasuwa. Tun 2017 iPhone ke ɗaukar hoto a HEIC don ya fi JPEG rashin cin wuri, ita kuma Windows sai an ƙara mata wani ɗan abu daga shagon Microsoft kafin ta gane shi. Ki huta da wannan, ki shiga Réglages, Appareil photo, Formats, ki zaɓi Le plus compatible, daga yanzu duk hoton da kika ɗauka JPEG ne kowa zai buɗe. Na baya kuma ki shiga Réglages wajen Photos, can ƙasa inda aka ce Transfert vers Mac ou PC ki sa Automatique, in kin haɗa ta da kwamfuta ta igiya za ta riƙa juya su zuwa JPEG da kanta.

WhatsApp matse hoto yake yi don ya yi sauƙin tafiya, shi ya sa zare da launi ke dushewa. In mai saye na son ganin zane da kyau ki tura a matsayin document, yana tafiya yadda yake har jiga 2, sai dai ya fi cin forfe, to ki riƙa yi wa wanda kika ga da gaske saye zai yi. Kuma ki ɗauki hoton da safe a inuwa kusa da ƙofa, hasken fitilar shago ma na canza launin atamfa.